Ƙiba ba ta tsare ƙashi, motsi ke tsare shi

A ƙasar Adar idan mace ta yi jiki ta cika zane, akan ce ta samu hutu, mijinta ya iya riƙo. Wannan ra'ayi yana da tushe, domin ƙasar da ta ga yunwar 1973 da ta 1984 ba za ta dubi rama da idon rahama ba. Har yau ma, a ƙauyukan Garhanga da na Buza da Madawa, ƙarancin abinci mai gina jiki shi ne babbar damuwar mata da yara. Amma ga wata damuwa ta biyu tana shigowa gidajen da suka samu sukuni, wato ƙibar da ta wuce kima tare da yawan zama. Ra'ayinmu shi ne, mace mai ƙiba tana bukatar motsa jiki kamar yadda take bukatar abinci, kuma wajibi ne ma'aikatan lafiya da malaman yaƙi da jahilci su sa wannan cikin darasinsu.

Da farko, yaya ake gane ƙiba ta wuce kima? Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'auni mai haɗa nauyi da tsawo. Bisa wannan ma'auni, macen da tsawonta ya kai mita 1 da santimita 60, idan ta kai kilo 64 nauyinta ya fara yawa, idan ta kai kilo 77 ta shiga sahun masu ƙibar da likita ke kira cuta. Hukumar ta ce a shekarar 2022, mutum 1 cikin 8 a duniya yana cikin wannan sahu.

Da yawa suna zaton mai ƙiba ƙashinta ya fi na kowa ƙarfi. Gaskiya ne nauyi yana sa ƙashi ya yi kauri. Sai dai kaurin ba ya tafiya daidai da kayan da aka ɗora masa, kamar jakin da aka ƙara wa hatsi kaɗan aka ninka masa mangala. Likitoci sun lura mata masu ƙiba sun fi sauran yawan karaya a idon sawu. Gwiwa kuma tana cinyewa da wuri, ga ciwon sukari da hawan jini da ke bin ƙiba. Kitse yana riƙe bitamin D, wanda jiki ke samu daga hasken rana, wanda kuma sai da shi hanji ke tsotsar kalsiyom, sinadarin da ake gina ƙashi da shi. Sa'an nan idan al'ada ta ɗauke wa mace wajen shekara 50, ƙashinta yakan zaizaye da sauri, ya koma kamar azarar da gara ta ci, daga waje lafiya lau, ciki kuwa rami.

To, ina ruwan motsi da ƙashi? Tun shekarar 1892 wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya bayyana cewa ƙashi abu ne mai rai, yana ƙara ƙarfi inda ake sa shi aiki, yana raguwa inda aka bar shi. Masanan zamaninmu sun ƙara gano cewa tsoka ba jan ƙashi kaɗai take yi ba, magana ma take yi da shi. Duk lokacin da tsoka ta yi aiki, tana zuba wasu sinadarai cikin jini, waɗanda za mu iya kira ƴan aike. A 2003 wata malama ta ƙasar Danmak, Bente Pedersen, da abokan aikinta suka raɗa musu suna miyokin. A 2012 masana na jami'ar Harvard a Amurka suka gano ɗaya daga cikinsu, suka kira shi irisin. A 2015 masana na birnin Bari a Italiya suka ba ɓeraye wannan irisin, suka ga ɓawon ƙashinsu ya ƙara kauri da ƙarfi. Akwai kuma wani sinadari mai suna miyostatin, da aka gano a 1997, wanda aikinsa taka wa tsoka birki. Yana yawaita a jikin masu ƙiba, motsa jiki kuwa yana rage shi. Ashe macen da ta yini zaune bisa tabarma ta sallami ƴan aiken da ke gaya wa ƙashinta ya gyara kansa.

An jarraba abin ga mutane ma. A 2017 likita Dennis Villareal na Amurka ya buga sakamakon wani bincike a kan dattawa 160 masu ƙiba, maza da mata, na tsawon wata 6. Waɗanda aka rage wa abinci aka kuma sa su motsa jiki duk sun rage nauyi. Amma waɗanda suka haɗa da aikin ƙarfi, irin na ɗaga nauyi, su ne suka fi tsira da tsokarsu da ƙashin ƙugunsu. Darasin a fili yake. Rage ci kaɗai yana tafiya da kitse, ya haɗa da tsoka da ƙashi.

Matan Adar ba baƙin aiki ba ne. Lokacin da aka buɗe aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumomin FAO da PAM, maza da yawa sun tafi cin rani. Mata ne mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsu, suka haƙa ramukan tare ruwa, suka shuka miliyoyin itatuwa a kan fako da gangaren tsaunuka. Ba muna cewa a koma wa wahala ba. Aiki mai tsanani tare da yunwa da haihuwa kusa da kusa shi ma yana cin jiki. Injin niƙa da famfo da amalanke alheri ne, muna fatan su kai kowane ƙauye. Abin da muke cewa, duk motsin da inji ya ɗauke wa mace, sai ta biya jikinta bashinsa ta wata hanya mai sauƙi, bisa ƙa'ida.

Ga ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, wato misalin tafiyar sauri ta rabin awa kwana 5, da kuma aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako. Wannan ba ya bukatar kuɗi. Mace tana iya tashi daga kujera ta zauna sau 10, ta huta, ta sake. Tana iya ɗaga jarka mai ruwa lita 2 ko 3, ko ta dafa bango ta tura. Wadda ba ta fita tana iya kewaya tsakar gida da hantsi, ta sami motsi ta sami rana. A fara kaɗan, a bi sanyin safiya ko na marece, sannu ba ta hana zuwa. Mai ciki, da mai hawan jini, da mai jin ciwo a ƙirji, su fara zuwa likita a ba su shawara. Nono da cuku da miyar kuka da zogale suna ba ƙashi kalsiyom, kada a bar su don shinkafa da lemon kwalba.

Akwai gargaɗi guda mai nauyi. Wasu mata suna sayen ƙwayoyin sa ƙiba wajen ƴan talla, irin su dekzametazon. Wannan magani na marasa lafiya ne, likita kaɗai ke da ikon rubuta shi. Shan sa na dogon lokaci yana kumbura fuska da ciki, yana narkar da tsoka, yana zaizaye ƙashi, yana jawo sukari. Wadda ta daɗe tana sha kada ta bari farat ɗaya, ta je likita a rage mata a hankali.

Saboda haka muna kira ga shugabannin lafiya na jihar Tawa da su ga cewa kowane gidan likita, tun daga Garhanga har Tamaske da Ibohaman, yana da sikeli da ma'aunin tsawo na manya, a kuma gaya wa mace nauyinta da abin da yake nufi. Malaman yaƙi da jahilci su ware minti 10 na kowane zama don koyar da motsin da muka ambata. Ƙungiyoyin mata su shirya tafiya tare, domin abin da kunya ke hana mace guda, mata 10 suna yin sa da raha. Magidanta kuma su sani, karayar ƙugu ga dattijuwa tana iya kwantar da ita har ƙarshen ranta, ga kuɗin mota zuwa asibitin Tawa, ga gida ya rasa ginshiƙi. Mijin da ya bar matarsa ta taka ƙasa rabin awa bai rage mata daraja ba, ya ƙara mata shekarun tsayuwa da ƙafafunta.

Ku da kuka iya karatu, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.