Ƙorafi Kan Tambayoyin da Aka Yi Mana a Intabiyun Ƙarin Girma

Zuwa ga Shugaban Hukumar da ke Kula da Ma'aikatan Lafiya,

Ranka ya daɗe,

Mu ungozomomi da ma'aikatan lafiya mata da ke aiki a ƙananan asibitocin karkara muna kawo kukanmu gabanka game da intabiyun ƙarin girma da aka kammala kwanan baya. Ba gwajin muke gudu ba. Duk wadda ran mai naƙuda ke hannunta ta cancanci a tsananta mata tambaya. Abin da ya dame mu shi ne ba a gwada mu a kan aikinmu ba.

Mun shiga ɗakin intabiyun da shirin a tambaye mu abin da za mu yi idan jini ya ɓalle wa mace bayan ta haihu, da ƙarfe biyun dare, babu likita, babu mota, mijinta yana tsaye a bakin ƙofa da fitilar waya. Wace allura za a fara yi mata, yaya za a murza mahaifa ta tsuke, yaushe za a daina jira a nemi abin hawa zuwa babban asibiti? Mun shirya bayanin alamomin jijjiga tun daga kumburin ƙafa da ciwon kai da hawan jini a wurin awo. Mun san yawancin alluran rigakafi ana adana su ne a sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8, mun kuma san yadda ake ceton su ranar da firji ya mutu. Mun san idan zaren awon damtsen yaro ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, ba a sallamarsa da shawara kawai. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a taɓo ba.

Sai aka ce wata ta lissafo sunayen kwamishinoni. Wata aka ce ta rera baiti na uku na taken ƙasa, wanda aka dawo da shi a watan Mayun 2024. Muna girmama taken ƙasarmu, amma haddarsa ba ta tsayar da zubar jini. Wata kuma aka yi ta dariyar Turancinta, alhali matan da take duba wa ciki da Hausa suke gaya mata inda ke musu ciwo.

Waɗannan ma da sauƙi. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne tambayoyin da suka shiga cikin gidajenmu. "Kina da aure?" "'Ya'yanki nawa, kin gama haihuwa ko da saura?" "Maigidanki zai bar ki ki riƙe asibiti?" Wata 'yar'uwarmu da cikinta ya fito, aka dube ta aka ce in an ɗaga ta wa zai yi aikin idan ta tafi hutun haihuwa. Ta fito tana share hawaye da bakin hijabinta. Wannan mata ita kaɗai ce ke karɓar haihuwa a ƙauyen da take, kuma hutun da ake yi mata gori a kansa gwamnati ce da kanta ta tanada. Abokan aikinmu maza sun tabbatar mana babu wanda aka tambaya matansa nawa. Akwai kuma wadda aka tsare da tambayar asalin garin mahaifinta, duk da takardar shaidar ƙaramar hukumarta na cikin fayil a gaban masu tambayar.

Ranka ya daɗe, sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana hukuma ta tauye wa ɗan ƙasa wani abu saboda ƙabilarsa, ko garinsu, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa. A 2002 Najeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta nuna bambanci wajen ɗaukar aiki da ci gaba a cikinsa. Tambayar da amsarta ba ta da amfani sai don a ware mace gefe ta saɓa wa duka biyun.

Ga kuma rashin ma'auni ɗaya. Wasu an tambaye su sunansu da na wanda ya turo su, suka fito. Wasu an riƙe su ana juya su kamar waina. Ba mu ga takardar da ake rubuta maki a kanta ba, ba a kuma buɗe rahoton aikinmu na shekara-shekara ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan mai uwa a gindin murhu yake wucewa. Ma'aikaciyar da ke tsakanin mataki na 7 da na 14 sai ta shekara uku kafin ta cancanci wannan zama. In aka kayar da ita a kan sunan kwamishina, albashinta ya tsaya wuri ɗaya, abin da za ta samu ranar ritaya ya ragu, ƙannenta a aiki su zama shugabanninta.

Don haka muna roƙon a dakatar da sakamakon, a sake zaman da kwamitin da ke da ƙwararriyar ungozoma a cikinsa. A rubuta tambayoyin tun kafin ranar, daga ainihin aikin kowane mataki, a yi wa kowa iri ɗaya, kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa da dalilinsa ya sa hannu, yadda wadda ta faɗi za ta iya ganin inda ta gaza. Maganar aure da ciki da asali kuwa, a hana ta a rubuce, har a intabiyun ɗaukar sababbin ma'aikata, domin ƙannenmu da suka fito daga makarantun kiwon lafiya suna kawo mana irin wannan labarin.

Muna fatan samun amsarka a rubuce kafin a liƙa jerin sunaye.

Mu ne masu biyayya gare ka,
Ungozomomi da ma'aikatan lafiya mata na asibitocin karkara.