Borin jinin kifi: ya dace a kai tarwaɗa da karfasa ɗakin gwaje-gwaje

A shekarar 1921, a birnin Breslau da ke cikin Jamus a wancan zamani, wani likita mai suna Heinz Küstner yana fama da wata lalura: da zarar ya ci dafaffen kifi sai jikinsa ya ɗauki ƙaiƙayi da kumburi. Abokin aikinsa Carl Prausnitz ya ɗebi ruwan jinin Küstner ya yi wa kansa allura da shi a fata, kashegari ya sa ruwan kifi a daidai wurin, sai ga fatar ta tasa ta yi ja. Da wannan aka gane cewa akwai wani abu a cikin jini da ke ɗauke da ciwon. Sai a tsakanin 1966 da 1967 masana a Amurka da Sweden suka gano abin, wato sinadarin garkuwar jiki da ake kira IgE.

A ɓangaren kifin kuwa, masana a Norway, Kjell Aas da Said Elsayed, su suka tsamo mai laifin daga naman kifin kod. Wani ɗan ƙaramin furotin ne da ake kira fabalbumin, aikinsa kama kalsiyam domin tsokar kifi ta saki bayan ta ɗame. Jikin yawancin mutane bai damu da shi ba. Ga wasu tsiraru kuwa, garkuwar jiki tana ɗaukarsa maƙiyi, ta saki histamin, daga nan sai borin jini, kumburin leɓe da maƙogwaro, amai, wani lokaci shaƙewar numfashi da faɗuwar bugun jini da ke iya kisa cikin mintuna. Furotin ɗin yana da taurin kai ga zafi, don haka suya ko banda ko daɗewa a tukunyar farfesu ba sa kawar da haɗarinsa, har tururin girki yana iya tayar wa wasu da ciwon.

Abin da ya fi muhimmanci ga Najeriya ya fito ne daga binciken baya-bayan nan: kifi suna ya tara. Annette Kuehn da abokan aikinta a Luxembourg sun auna sun ga cewa shawa na ɗauke da fabalbumin mai yawa, alhali abin da ke cikin tuna da kifin taitus kaɗan ne, domin furotin ɗin ya fi taruwa a farar tsoka. A 2013 kuma suka bayyana wasu furotin biyu, enoles da aldoles, masu tayar wa wasu majinyata da ciwon. Ke nan akwai wanda kowane kifi ke cutarwa, akwai kuma wanda nau'i ɗaya ko biyu kaɗai ke cutarwa. Likitan da ba shi da hanyar rarrabewa dole ya hana majinyaci kifi baki ɗaya, kuma bai yi laifi ba. Amma a gidan ƙaramin ma'aikaci da naman shanu ya gagara, hana yaro kifi har abada hukunci ne mai nauyi.

Kayan gwajin da kamfanoni ke sayarwa an gina mafi yawansu a kan kifayen Turai da Amurka, irin su kod da salmon da tuna. Kod dai ba baƙo ba ne a nan, shi ne busasshen kifin Norway da ake kira okporoko, wanda Najeriya ke cikin manyan masu saye. Sai dai wanda ya ratsa kasuwar kifi ta Kado a Abuja zai tarar tarwaɗa da karfasa da giwan ruwa su ma sun cika tebura, ga bandar da ake kawowa daga yankin Tafkin Chadi. Masana a Jami'ar James Cook ta Ostireliya, ƙarƙashin Andreas Lopata, sun fuskanci irin wannan giɓi a yankinsu, suka zauna suka tantance furotin na kifayen da mutanen Asiya ke ci, ciki har da baramundi, ɗan'uwan giwan ruwa na jini. Sun kuma nuna cewa ruwan gwajin fata na kamfanoni daban-daban ya bambanta ƙwarai wajen yawan furotin da ke cikinsa. Idan haka ne ga kifayen da aka yi gwajin dominsu, dogaro da shi a kan tarwaɗa ya zama kasada.

Akwai kuma wani rikicin da ƙarancin lantarki ke haifarwa. Kifin taitus da tuna, idan ƙanƙara ta narke suka jima a zafi, ƙwayoyin cuta na samar da histamin a cikin namansu, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Wanda ya ci zai ga fuska ta yi ja, ga ƙaiƙayi da ciwon kai, kamar dai borin jini, alhali guba ce ta rashin kyakkyawar ajiya. Gwajin jini ko na fata ne ke raba su. In babu shi, mutum na iya ƙaurace wa kifi shekaru saboda firjin wani ɗan kasuwa da ya mutu, mai ciwon gaske kuma a ce masa ruɓaɓɓen kifi ya ci, ya sake gwadawa.

Aikin da ake buƙata bai fi ƙarfin hukumomin da ake da su ba. Cibiyar Binciken Kifayen Ruwan Daɗi tana New Bussa, ta binciken teku tana Legas, asibitocin koyarwa suna da majinyata da ɗakunan gwajin jini, asusun TETFund kuma yana da kason bincike na ƙasa. Tsamo furotin daga naman kifi, raba su gwargwadon nauyi, da gwada su da ruwan jinin majinyata bisa yardarsu, aiki ne da ɗaliban digiri na uku ke yi a jami'o'i da dama. Wahalar ta ofis ce: kifi na ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Teku da aka ƙirƙira a 2023, majinyaci na ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya, lakabin abinci na hannun NAFDAC, takardar da ta shafi ma'aikatu uku kuwa kowa ya san yadda take tsufa a kan tebur.

Za a ce zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun fi wannan gaggawa, kuma gaskiya ne. Sai dai gwamnatin da ke ƙarfafa kiwon tarwaɗa, ta kuma taɓa sa kifi a abincin ɗaliban firamare domin yaƙar tamowar, ita ce ke ƙara yawan yaran da za su ci. Kafin a kammala kowane bincike, mataki na farko mai araha ne: a tabbatar akwai allurar adirenalin a kowane asibitin ma'aikata da kowace cibiyar lafiya da ke kusa da makaranta, tare da ma'aikacin jinya da ya san a cinya ake yin ta, nan take.