Martani: Na'urar Smith Ba Ta Ragwaye Ba Ce

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce na'urar Smith, wadda sandar ƙarfenta ke bin layuka biyu sama da ƙasa, kayan ragwaye ce. Ka yi kuskure.

Gaskiya ne layukan suna ɗauke wa jiki wahalar daidaita sandar, don haka mai shirin gasar ɗaga ƙarfe dole ya saba da sakakkiyar sanda. Amma cinya ba ta san layi ba, nauyi kawai ta sani. Ka ƙara mata nauyi sannu a hankali, za ta yi ƙarfi.

Dorian Yates ɗan Ingila, wanda ya lashe kambun gasar gina jiki ta Mr. Olympia sau shida a jere daga 1992 zuwa 1997, ya bar tsuguno da sakakkiyar sanda saboda ciwon ƙugu, ya rungumi wannan na'ura. Shi ma rago ne?

Ka manta da mai atisaye shi kaɗai, ba mai tallafa masa. In nauyi ya rinjaye shi, murɗa hannu kawai zai yi, ƙugiya ta riƙe sandar, ya tsira.

Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Ka daina korar masu koyo da ba'a.