Ra'ayinmu: Kuskuren Ma'aunin Ruwan Sama Kan Ƙare A Rumfar Ɗan Kasuwa

Duk ɗan kasuwa ya san in tiya ta yi ƙwange, ba a ganin asara a awo ɗaya, sai an cika buhu ɗari. Haka lamarin yake ga hasashen ambaliya. Masana suna ɗaukar adadin ruwan saman da aka auna a ƙauyuka, su zuba a kwamfuta, ita kuma ta lissafa yawan ruwan da zai gangara gulbi da tsayin da zai kai. In awon farko ya karkace, duk lissafin ya karkace.

Abin tsoron shi ne kuskuren ba ya tsayawa yadda ya shigo, girma yake yi. Ƙasa takan sha kasonta tukuna, ragowar ce ke kwarara. A misali, a ce an yi ruwa milimita 60, ƙasa ta sha 40, saura 20 su nufi gulbi. In ma'auni ya rubuta 50, lissafi zai ce 10 ne kawai za su kwarara. Kuskuren kashi ɗaya cikin shida ya ɓoye rabin ruwan da ke tafe.

Daga ina kuskuren ke fitowa? Iska mai ƙarfi tana hana wani ruwan faɗawa cikin ma'auni. Wani ma'aunin an kafa shi kusa da itace ko bango. Yawanci sau ɗaya ake karantawa a yini, alhali ruwan da ya zuba cikin awa ɗaya ya fi wanda ya wuni yana yayyafi ɓarna, ko da adadinsu ɗaya. Ga kuma halin daminarmu: a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a wannan gari, na kusa da shi ko ɗigo. In babu ma'auni a inda hadarin ya sauka, ruwan bai shiga lissafi ba. Tauraron ɗan'adam yana taimakawa, amma shi ma sai an gwada ƙiyasinsa da awon ƙasa.

Ita ƙasar ma ta sauya. Tun bayan farin shekarun 1970 da 1980, bincike ya nuna filayen Sahel da suka rasa itatuwa sun daskare, suna sakin ruwa fiye da da. Lissafin da ke aiki da tsohon halin ƙasa zai raina ambaliyar yau.

Mun ga abin da ruwa ke iya yi. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya kai wajen mita 7 a Yamai, ya wuce ma'aunin jan gargaɗi na mita 6.20, ya shiga unguwanni. Irin wannan jan ruwa na damina daga rassa irin su Sirba yake zuwa, wadda ta taso daga Burkina Faso. Haka gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake gangarowa ta Jibiya. Ruwa ba ya tsayawa kwastan, don haka awon maƙwabci tsaronmu ne.

Muna kira ga hukumomi su yawaita ma'aunai, su gyara waɗanda suka lalace, su biya masu karantawa a kan lokaci. Cibiyar AGRHYMET da Hukumar Kogin Neja, masu mazauni a Yamai, su matsa ƙasashe su riƙa musayar awo kullum, ko da siyasa ta yi tsami. In za a yi sanarwa a rediyo, a faɗi mafi ƙanƙanta da mafi munin abin da ake tsammani.

Ku kuma 'yan kasuwar Gaya, Malanbil, Kamba, Ɗan Isa da Jibiya, ku saurari hasashe, amma ku ƙara masa gyara kamar yadda kuke wa mai saye. Daga Agusta zuwa Satumba ku ɗora hatsi, albasa, siminti da atamfa bisa dakali, ku raba kaya ɗaki biyu, ku nisanci bakin gulbi. Kuɗin dako ya fi sauƙi bisa ga jarin da ruwa ya ci. Allah ya ba mu damina mai albarka.