Tiyatar rage ƙiba da raunin fituitari: Aikin da ke farawa bayan sallama daga asibiti

A ofisoshin Sakatariyar Tarayya da ke Abuja, an saba ganin ma'aikaci ko babban jami'i ya ɗauki hutu, ya nufi Indiya ko Turkiyya ko Masar, bayan 'yan watanni a ga kaftaninsa ya yi masa yawa, kumatu sun zube, abokan aiki suna ta yi masa barka. Tiyatar rage ƙiba aka yi masa, kuma ga galibin waɗanda ake yi wa, barkar ta dace: sukari kan sauka, hawan jini kan lafa, gwiwoyi kan huta. Sai dai akwai wani rukuni na marasa lafiya da ramar da ake yabawa kan iya zama alamar haɗari a gare su. Su ne waɗanda ƙibarsu ta haɗu da raunin wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira fituitari. Ga irin waɗannan mutane, wahalar tana farawa ne bayan an sallame su, kuma a daidai wannan gaɓar ce tsarin kula da lafiyar ma'aikata ya fi rauni. Ana iya tara miliyoyi domin aikin yini ɗaya, amma ba a tanadi wanda zai riƙe mutum a shekarun da ke biyo baya ba.

Fituitari ba ta wuce ƙwayar wake girma ba, nauyinta kusan rabin giram ne, amma ita ce ke ba wasu sassan jiki umarnin fitar da sinadaran homon. Ita ke tayar da tayirod da ke wuya, wadda ke daidaita saurin ƙona abinci a jiki. Ita ke umartar adirinal da ke saman ƙoda ta fitar da kotizol, sinadarin da ke riƙe ƙarfin jini da sukarinsa idan jiki ya shiga matsi. Daga wurinta homon na girma da na haihuwa ke fitowa, haka ma wanda ke sa ƙoda ta adana ruwa. Takan lalace sanadin ƙari, ko tiyatar cire ƙarin, ko hasken da ake ƙona shi da shi, ko buguwar kai a haɗarin mota. Akwai kuma sanadin da ya fi kusa da gidajen Najeriya, wato zubar jini mai yawa lokacin haihuwa, wanda wani likitan Birtaniya, Harold Sheehan, ya yi bayaninsa a 1937. Mace ta tsira daga haihuwar, amma nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, kasala ta zauna mata, a yi shekaru ana lalube kafin a gano tushen matsalar.

Ƙiba kan biyo bayan wannan rauni ta hanyoyi da dama. Ƙarancin homon na tayirod da na girma yana sa jiki tara kitse, maganin maye gurbin kotizol idan ya yi yawa yana ƙara teɓa, sannan idan ƙarin ya taɓa sashen ƙwaƙwalwa da ke saman fituitari, inda ake jin yunwa da ƙoshi, mutum zai ci ya tashi kamar bai ci ba. Wanda ke cikin wannan hali yakan sha zolaya a ofis, a ce masa ya rage tuwon dare, alhali abin ya fi ƙarfin niyya. Don haka ba laifi ba ne idan ya nemi tiyata. Ƙa'idojin da manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sabunta a 2022 sun amince da ita ga mai ma'aunin BMI 35 zuwa sama, da kuma mai 30 zuwa sama idan yana da cuta irin ta sukari. Ayyukan da aka fi yi iri biyu ne. A ɗaya ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar saura kamar hannun riga. A ɗayan ana ware 'yar jaka mai cin kusan mililita 30 a saman tumbi, a haɗa ta kai-tsaye da hanji, abinci ya tsallake wani sashe na hanyarsa. Mutane kan zubar da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na nauyinsu a shekara ɗaya zuwa biyu na farko, ko da yake ga waɗanda cibiyar yunwa ta lalace sakamakon yakan gaza haka, ya kuma bambanta daga mutum zuwa mutum.

Inda gizo ke saƙar shi ne, mai raunin fituitari da ƙwayoyin magani yake rayuwa, ƙwayoyin nan kuwa ta cikin tumbin da aka yanke suke bi. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne haidirokotizon, wanda babban mutum kan sha miligiram 15 zuwa 25 a yini, a raba sau biyu ko uku. Lafiyayyen jiki yana ninka kotizol da kansa idan zazzaɓi ya kama shi ko an yi masa aiki, shi kuwa wannan sai an ninka masa daga waje, tun daga ranar tiyatar. A makonnin farko amai abu ne da aka saba gani. Ga wani mutum amai takura ce kawai, ga wannan kuwa yana nufin maganin bai zauna ba, kuma cikin 'yan sa'o'i jini na iya faɗuwa, gishirin jini ya ragu, mutum ya fita hayyacinsa. Abin da ke ceto a lokacin shi ne allurar haidirokotizon miligiram 100 nan take, tare da ƙarin ruwa. Babban tarkon shi ne alamomin ƙarancin kotizol, wato kasala, jiri, tashin zuciya, rashin son abinci da rama, su ne dai alamomin da ake gaya wa duk wanda aka yi wa tiyatar ya yi haƙuri da su. Ta haka ne sikeli zai riƙa nuna nasara a daidai lokacin da jiki ke neman agaji.

Maganin tayirod, lebotairoksin, shi ma yana da nasa rikicin. Ana auna shi ne gwargwadon nauyin mutum, saboda haka wanda ya zubar da kilo 30 yana iya buƙatar a rage masa. A ɗaya hannun kuma, ƙwayar tana buƙatar ruwan tsamin tumbi kafin ta narke sosai, tiyatar da magungunan rage tsamin da ake bayarwa bayanta suna rage shi, sannan ƙwayoyin kalsiyam da na ƙarin jini da aka wajabta wa mutum suna hana ta shiga jiki idan ba a bar tazarar sa'o'i huɗu a tsakani ba. Gwajin jini ne kaɗai zai nuna wanne ya rinjaya. A nan ma akwai kuskuren da ake yawan yi. Gwajin TSH da aka saba rubuta wa masu ciwon tayirod homon na fituitari yake aunawa, don haka ba abin dogaro ba ne ga wanda fituitarinsa ce ta gaza. Gwajin T4 ake bi wajen daidaita masa magani. Likitan da bai san tarihin mutum ba zai iya duba takardar TSH ya rage maganin da ya kamata a ƙara.

Sai batun ruwa. Wanda ya rasa homon mai adana ruwa yana iya yin fitsarin lita da yawa a yini idan bai sha desmofuresin ba, kuma abin da ke kare shi shi ne idan ƙishirwa ta taso ya sha ya ƙoshi. Bayan tiyata kuwa sai kurɓi-kurɓi, domin tumbin ba ya ɗaukar kofi guda a lokaci ɗaya. A zafin watan Maris da Afrilu na Abuja, ko a doguwar tafiyar rakiyar maigida inda ba a tsayawa, jiki na iya bushewa da sauri. Idan kuma maganin ya yi yawa, gishirin jini ya faɗi, abin ya kai ga jijjiga. Tsohon sunan wannan cuta a Turance ya yi kama da na ciwon sukari, har ma'aikatan jinya kan rikita su, wanda hakan ya sa ƙungiyoyin likitocin homon suka sauya mata suna a 2022. Ƙari a kan haka, wasu da aka karkatar wa hanji sukarinsu kan faɗi sa'a ɗaya zuwa uku bayan cin abinci, mai ƙarancin kotizol da homon na girma kuwa ba shi da cikakken ƙarfin dawo da shi. Ƙasusuwa ma suna cikin matsi ta fuska biyu, domin rashin homon da saurin rama duka suna cinye su, shi ya sa bitamin D, kalsiyam da bitamin B12 suke zama abokan zama har ƙarshen rayuwa.

Duk waɗannan abubuwa ne da ake iya shawo kansu idan likitan tiyata da likitan homon suna aiki tare. Tafiyar neman magani a ƙetare kuwa ba a gina ta a kan haka ba. Dillali yakan haɗa biza da otal da motar filin jirgi, likitan can ya ga mara lafiya na mako ɗaya ko biyu, a sallame shi da takardu. A ƙaddara wata ma'aikaciya ce ta dawo, bayan wata guda amai ya kama ta da tsakar dare a Kubwa ko Lugbe, aka garzaya da ita asibiti mafi kusa. Abin da za a fara zato shi ne maleriya ko taifod, kuma ba za a ga laifin mai zaton ba idan babu abin da ya nuna masa cewa wannan mata da haidirokotizon take rayuwa. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Sashe na 46 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ɗaukar nauyin jami'in gwamnati zuwa jinya a waje da kuɗin jama'a sai da shawarar kwamitin likitoci da amincewar minista. Ya kamata irin wannan kwamiti, bayan ya tambayi ko ana iya yin aikin a gida, ya kuma nemi sunan likitan da zai karɓi mutumin idan ya dawo, da rubutaccen tsarin magungunansa.

Za a iya cewa masu wannan matsala 'yan ƙalilan ne, kuma ƙasar da ke fama da maleriya da mutuwar mata a wajen haihuwa tana da abubuwan da suka fi gaggawa. Maganar tana da nauyi. Amma abin da ake nema a nan ba sabon gini ba ne ko na'ura mai tsada. Haidirokotizon tsohon magani ne da ke cikin jerin magungunan tilas na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kuɗin kwalbar allura ɗaya ba ya kama ƙafar kuɗin kwana ɗaya a ɗakin kulawa ta musamman. Tanadin kuma zai amfani wasu da dama da suka daɗe suna shan irin wannan magani saboda asma ko ciwon gaɓoɓi ko na ƙoda. Wasu kuma na ganin mafita ita ce a hana masu raunin fituitari tiyatar baki ɗaya. Wannan ma bai dace ba, domin ƙibar da aka bar su da ita tana kashewa ta hanyar sukari da ciwon zuciya da toshewar numfashi cikin barci.

Abin da ya rage shi ne kowa ya ɗauki nasa kason, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa ikonta, ya kamata ta ware masu cutar da ba ta warkewa daga wahalar neman lambar izini daga kamfanin inshora a duk lokacin da za su ga ƙwararre. Izini ɗaya na tsawon shekara ya wadatar, ya haɗa da gwajin T4 da na gishirin jini da na bitamin, da allurar gaggawa da mutum zai ajiye a gida. Kashi 10 cikin 100 da ma'aikaci ke biya na kuɗin magani ya ƙara nauyi tun da farashin magunguna ya tashi bayan sakin darajar naira a 2023, kuma ga wanda ba zai iya tsallake ko yini ɗaya ba, ya cancanci a sake duba shi. Hukumar lafiyar Ingila ta fito da katin gaggawa na masu dogaro da wannan magani a 2020, wanda mutum ke ɗauka a aljihu. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ƙungiyar likitocin homon ta Najeriya za su iya fitar da irinsa ba tare da jiran babban kasafi ba. Asibitocin ma'aikata da ke harabar ma'aikatu su ajiye allurar, daraktoci kuma su daina kallon ranakun zuwa asibiti a matsayin zillewa aiki.

Hadiman da ke shirya wa iyayen gidansu ko danginsu irin wannan tafiya suna da rawar da ta fi sayen tikiti. Kafin a biya ko kwabo, su tabbatar likitan homon na gida ya duba mutumin ya kuma rubuta wa likitan tiyata, asibitin can yana da nasa likitan homon, kuma an tsayar da ranar gwajin farko bayan dawowa. Shi kuwa mara lafiya, akwai kuskure ɗaya da ba a gyarawa, wato rage haidirokotizon da kansa don ya ji an ce yana sa ƙiba, ko don sikeli ya tsaya cak na wasu makonni. Ragi ko ƙari aikin likita ne, haka ma shawarar yin azumi a shekarar farko. Matarsa ko mijinta, direba da abokin zama a ofis, su san inda allurar take, su kuma koyi yadda ake yin ta tun kafin a hau jirgi.