RA'AYINMU: ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA

Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo a 'yan shekarun nan, ya ratsa ƙasar Kabo har ya dangana da Getso, zai ga wani sauyi da ya samu masu fasaharmu. Mawaƙin da a da sai gidan biki ake jin muryarsa, yau da wayar hannu yake aika waƙarsa har Agadas da Kumasi. Mai ɗinkin hula yana ɗora hoton aikinsa a Facebook, marubuciya tana raba littafinta shafi-shafi ta WhatsApp, mai wasan barkwanci kuwa TikTok ne dandalinsa. Wannan ci gaba ne, ba mu musa ba. Amma akwai tambaya guda da ya kamata kowane mai fasaha ya yi wa kansa: filin nan da nake ta zuba guminsa a kai, na wane ne?

Manomin ƙasar Gwarzo ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san bambancin gonar gado da gonar aro. Ba ya dasa mangwaro a gonar aro, ba ya kuma kafa rumbu a cikinta, domin ya san ranar da mai gona ya so abinsa, magana ta ƙare. To, dandalin sada zumunta gonar aro ce. Kamfanin da ya mallake shi, ko yana Amurka ko wata ƙasa mai nisa, shi ke da ikon buɗewa da rufewa, shi ke zaɓen wanda zai ga aikinka da wanda ba zai gani ba, kuma yakan sauya dokokinsa ba tare da ya shawarci kowa ba. Mutum dubu goma da ke bin ka ba a littafinka suke ba, a littafin kamfani suke.

Kada mai karatu ya ɗauka zato muke yi. Ranar 5 ga Yuni, 1921 babu wanda ya san abin da ake kira intanet, amma shekara ɗari daidai bayanta, watau ranar 5 ga Yuni, 2021, aka wayi gari Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter a Nijeriya, ba a kuwa sake buɗe shi ba sai ranar 13 ga Janairu, 2022. Wata bakwai ke nan duk wanda cinikinsa ya dogara da wannan dandali yana zaune hannu rabbana. A cikin shekarar dai, ranar 4 ga Oktoba, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duniya har wajen awa shida, saboda wata tangarɗa a na'urorin kamfanin. Waɗannan ma da sauƙi, tun da sun dawo.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai da aka kafa a Nijeriya a 2013. Marubutan Hausa da yawa, musamman mata, sun mayar da shi kasuwarsu, suna samun na cefane daga littattafansu. A ƙarshen Nuwamba na 2023 ya rufe ƙofa, saboda matsin tattalin arziki. Marubuciyar da ba ta tanadi wata hanyar saduwa da masu karatunta ba, sai ta koma neman su ɗaya bayan ɗaya. A can ƙasashen waje kuma, a 2019 dandalin MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mawaƙa suka ɗora masa tsakanin 2003 da 2015 sun salwanta wajen sauya ma'ajiya. An ƙiyasta sun kai miliyan 50. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mene ne ruwan da za a shafa? Shi ne mai fasaha ya mallaki shafin kansa a intanet, mai ɗauke da sunansa. Abin ba tsafi ba ne. Mutum yakan yi rajistar suna, alal misali mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi a ƙasar nan, yana sabunta shi shekara-shekara. Sa'an nan ya biya wani kamfani ladan ajiye masa shafin. In suka ɓata da wannan kamfani, sai ya kwashe kayansa ya kai wa wani, sunan kuwa yana nan nasa, masu nemansa ba za su ɓata hanya ba. A nan zai jera ayyukansa bisa tsarin da ya ga dama, da ranar da ya yi kowanne, ta yadda in wani ya saci baitinsa ko zanensa akwai shaida. A nan kuma zai tara sunayen masu sayen kayansa da yardarsu, ya riƙe su a hannunsa.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce jama'a suna Facebook da TikTok, wa zai je neman mawaƙin ƙauye a wani shafi can? Gaskiya ne, kuma ba mu ce kowa ya bar dandali ba. Ai maƙeri yakan kai fartanyarsa kasuwa ran kasuwa, amma maƙerarsa tana gida. Dandali kasuwa ne, a je a yi talla, a nuna wa mai saye hanyar gida. Za a kuma ce akwai kuɗi da rashin sanin kan na'ura. Wannan ma gaskiya ne, kuma a nan ne nauyi ya hau kanmu.

Muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai, musamman masu koyon ilmin kwamfuta 'yan asalin Gwarzo da Kabo, su sadaukar da wani sashe na hutunsu wajen gina wa masu fasahar garuruwansu shafuka, da Hausa, masu sauƙin buɗewa a ƙaramar waya. Inda ƙarfin mutum ɗaya ya gaza, mawaƙa ko marubuta goma su haɗa kuɗi su yi shafi guda, kowa da ɗakinsa, kamar yadda ake gayya a gona. Sharaɗi ɗaya ne: rajista ta kasance da sunan mai fasahar ko ƙungiyarsu, ba da sunan ɗalibin da ya taimaka ba, kada a gudu daga aro a faɗa wani aron. Muna kuma kira ga matasan ma'aikata da ke ofisoshin yaɗa labarai na ƙananan hukumomin nan biyu su ɗauki wannan a matsayin aikin raya al'adu, su shirya wa masu fasaha bita.

Ga masu fasahar kansu kuma, shawararmu ita ce kowane aiki a ajiye kwafinsa a wuri biyu, tun kafin a ɗora shi ko'ina. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, amma har yau ana jin muryarsa domin an sami waɗanda suka adana faya-fayansa da kaset-kaset ɗinsa. Mawaƙin yau da bai ajiye komai ba sai a dandalin wani, me jikokinsa za su tarar?

Allah ya sa mu gane, amin.