Mura ba ta jin Ampiclox: zare a kan "haɗa min magani"

1/ Yau da masu "haɗa min na ɗari biyar" nake. Da mai haɗawa, da mai sha, da antin nan ta guruf ɗin gida da ke turo sunan kafso duk wanda ya ce kansa na ciwo. Wanda zai ji haushi ya karanta tukun.

2/ Ƙwayoyin cuta ba jinsi ɗaya ba ne. Mura bairas ke kawo ta. Taifot bakteriya ce. Maleriya kuma wata halitta ce daban da sauro ke zubawa a jini. Su Amoxil, Ampiclox, Septrin, Cipro da ja-da-yalo, don bakteriya aka yi su. Bairas ko a jikinta.

3/ "Ai na sha kuma na warke." Da ma za ka warke, malam. Mura takan yi mako guda ko kwana goma ta tafi, garkuwar jikinka ce ta yi aikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

4/ Da kuɗinka kawai ka yi asara, da ban ɓata data ba. Ga inda matsalar take. A hanjinka, a fatarka, a maƙogwaronka akwai bakteriya bila adadin, yawancinsu ba ruwansu da kai, wasu ma amfani suke yi maka. Duk sanda ka haɗiyi antibayotik, masu rauni ne ke mutuwa. Masu taurin kai, waɗanda maganin bai iya da su ba, su ke saura, kuma ka share musu fili. Wasu bakteriya cikin minti 20 ɗaya ke zama biyu. Abin haushin ma, suna iya miƙa wa juna wannan taurin kan, har ga wani jinsin daban.

5/ Kuma ba a cikinka suke tsayawa ba. Daga bayan gida zuwa hannu, daga hannu zuwa kwano, zuwa bakin ƙaninka da bai taɓa shan ko kafso ɗaya ba. Saboda haka daina cewa "jikina ne, kuɗina ne".

6/ Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, shi da kansa ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta bijire masa. Mu kuma shekara 80 bayan haka ana yanka mana kati a ba mu guda huɗu a ƙullin leda.

7/ Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani. Yankin da abin ya fi muni idan aka kwatanta da yawan jama'a? Afirka ta Yamma. Mu ke nan.

8/ Tambayi Hajiyarku labarin kulorakwin. A da shi ne sarkin maganin maleriya, ga araha. Ƙwayar cutar ta bijire masa har Najeriya ta sauya zuwa ACT a 2005. Shi ba antibayotik ba ne, amma hanyar mutuwar magani ɗaya ce.

9/ Sai uwa uba, "maleriya da taifot". Kamar tagwaye, ba a ganin ɗaya ba ɗaya. Wai duk zazzaɓin garin nan su ne? Gwajin Widal da ake dogara da shi tun 1896 yake. A inda taifot ta zama ruwan dare, yana iya nuna "akwai" ga wanda ya yi ta tuntuni ya warke, ko wanda wani zazzaɓin ne daban ke damunsa. Sai a dubi takarda ɗaya a rubuta Cipro, a ƙara da allura da ƙarin ruwa, don majinyaci ya ji an yi masa aiki.

10/ A lardin Sindh na Pakistan, tun 2016 aka samu taifot da ta daina jin kusan duk magungunan da aka saba ba ta, har da Cipro da allurar ceftriaxone. Jirgi ɗaya ya isa ya kawo ta.

11/ Taifot fa ba rana ke kawo ta ba, ba kuma maiƙo ba. Kashin mai ɗauke da ita ne ke shiga ruwa ko abinci. Mutum zai kashe dubbai a kemis amma sabulu a bakin banɗaki ya gagara. Buta da ruwa zalla ba su isa ba, a sa sabulu, a tafasa ruwan da ba a yarda da shi ba, a wanke latas ɗin nan da kyau.

12/ Na san me za ku ce: asibiti layi, kati kuɗi, likita ɗaya mutum ɗari, mai kemis kuwa har bashi yake bayarwa. Gaskiya ne, kuma laifin gwamnati a nan ba kaɗan ba ne. Amma talakan da kuke karewa shi zai fara biya. Ran da mai arahar ya daina aiki, mai kuɗi zai sayi na dubu hamsin. Mai jegon da ɗinkin tiyatarta ya ƙi warkewa, da jaririn da cuta ta shiga jininsa a ƙauye, me za a ba su?

13/ Zazzaɓi ya kama ka, yi gwajin maleriya, minti 20 ne. Likita ya rubuta antibayotik, sha yadda ya ce, kar ka ajiye ragowar don wata rana, kar ka ba maƙwabci. Ya ce ba ka buƙata, kar ka fita kana cewa bai san aiki ba.

14/ Masu kemis da za su cika min DM, bismillah. Amma ku zo da amsa: wanda kuka ba Ampiclox jiya da daddare, wace bakteriya kuka gani a jikinsa?